Yakan Sha

Har na bar aikin koyarwa, akwai darasin Turanci guda ɗaya da ban taɓa koyar da shi cikin daɗin rai ba. Yara sun san shi. Da na rubuta "used to" a allo sai aji ya yi tsit, don sun ji labari wajen yayyensu cewa ranar wannan darasi Malama ba ta da fara'a. Yaro zai miƙe ya ce, "I used to go to farm every day," yana nufin kullum yakan je gona, ni kuwa in daka masa tsawar da za a ji har ofishin hedimasta. Ba laifin yaron ba ne. Haka ya ji a bakin ubansa, haka akawun kasuwa yake faɗa, haka malamin asibiti. Duk ƙasarmu, daga Funtua har Malumfashi, wanda ya ɗan lasa boko ya ɗauka "used to" shi ne "yakan" ɗinmu na Hausa. To ba shi ba ne. Kishiyarsa ce ma.

Ni ma da wannan kuskuren na tafi kwalejin horon malamai. Wata malama Ba'indiya ce ta cire mini shi. Ta ce idan Bature ya ce "I used to smoke," to ya bar shan taba ke nan. Idan ya ce "She used to live in Danja," kada ka ɓata kuɗin mota zuwa Danja, matar ta tashi. Abin da mutum yake yi har yanzu ba a sa masa komai a gaba: "I smoke," "She lives in Danja," shi ke nan. Ta ce mu ɗauki "used to" kamar kabari, duk abin da aka sa a cikinsa ya riga ya mutu. Muka yi dariya, muka rubuta, aka kaɗa ƙararrawa muka tafi cin abinci. Ban san wannan 'yar magana ce za ta raba yayana da matar da yake so ba.

Shi kaɗai ne namiji a ɗakinmu. Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Gozaki, kakanninmu masu tsafi ne, kuma giya a wurinsu kamar kunu take. Babanmu ne ya karɓi bishara ya fasa tulunan gidan, amma bai iya fasa na maƙwabta ba. Yaya ya fara shan burukutu tun gemu bai fito masa ba. Ba zan yi masa ado ba. Ya sha, ya yi dambe a kasuwar Danja har aka tsaga masa gira, an sha ɗauko shi a bakin hanya a kawo mana shi a amalanke kamar buhun dawa. Inna ta yi kuka har kukan ya ƙare mata.

Ranar da Baba ya rasu, an nemi Yaya an rasa. Sai bayan an rufe kabari ya shigo yana tangaɗi yana tambayar me ya tara mutane. Da ya wartsake ya gane abin da ya faru, bai yi kuka a gabanmu ba, bai yi rantsuwa ba. Ya dai bar giya. Na gan shi da idona yana rawar jiki yana haɗa gumi kwana da kwanaki, ya ƙi fita. Daga baya in zai je gona sai ya yi zagaye mai nisa don kada ya bi ta ƙofar gidan da ake dafa giya, ya ce ƙamshin tsiron dawar da ake dafa ta da shi kaɗai yana iya kayar da shi. Kullum da guntun rake a aljihunsa. Da abin ya taso masa sai ya ciro ya hau tauna. Shekaru aka yi a haka, ba wata ɗaya ko biyu ba.

Lokacin da gwamnati ta kawo babban aikin gona Funtua, da taraktoci da takin zamani da Turawa, Yaya ya samu aikin tuƙin tarakta. Can yake kwana, sai Asabar ya dawo gida da sabulu da kananzir ya ajiye wa Inna. A wannan zirga-zirga ya haɗu da wata tela a gefen Malumfashi. Ya kai mata wando ta rage masa, wandon nan ya yi ta komawa gyara har ita ma ta gane ba wandon ba ne. Mace ce cikakkiya, mai kekenta da kuɗinta da hankalinta, ta san tarihinsa kaf, ta ce ta ji ta gani. Mahaifinta dattijon ikilisiya ne a majami'arsu, mutum mai magana ɗaya. Ya ce wa Yaya, "Ɗana, ban ƙi ka ba. Amma na san gidajenku da tulu. A Funtua kake kwana mako guda cur, wa ya san abin da kake yi can? Ka kawo wanda yake ganinka kullum, ya tsaya a gaban ikilisiya ya yi maka shaida. In ya yi, a ranar za a sa rana."

Wanda yake ganinsa kullum shi ne Baturen da ke kula da taraktoci. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "yawwa" da "kawo sifana" ba, Turancin Yaya kuma bai wuce sunayen ƙarafan inji ba, amma suna shiri. Baturen ya san labarinsa ne saboda wata Kirsimeti ya miƙa masa kwalbar giya Yaya ya ƙi karɓa, akawun wurin ya fassara masa dalili tun daga kasuwar Danja har kabarin Baba. Tun daga nan yake girmama shi. Aikinsa ya ƙare a ƙasar, zai koma gida a makon nan, amma ya ce zai biyo ta majami'ar ranar Lahadi kafin ya wuce Kaduna.

An gama tsinkar auduga lokacin. Ni kuma ban daɗe da fitowa daga kwaleji ba, ina koyarwa a wata firamare. Muka yi sammako ni da Inna muka tafi. Yaya yana sanye da sabon kaftani shuɗi wanda ita telar ta ɗinka masa, sai gyara hula yake yi. Majami'ar ta cika, maza a dama, mata a hagu, yara a ƙasa. Ita tana gaba da mu cikin matan waƙa, ta ƙi waiwayowa don kunya.

Tafinta a wannan majami'a mutum ɗaya ne: Hedimasta. Shi ya koyar da ni a aji ɗaya kafin a mai da shi can. Kwat da taye ko ana zafin da zai dafa ƙwai, biro jere a aljihu, in zai yi magana sai ya gyara murya sau biyu. Duk wanda ya zo da Turanci a yankin, ta bakinsa yake bi.

Bayan waƙa Fasto ya ce baƙo yana da magana. Baturen ya fito, ya kamo hannun Yaya ya tsayar da shi kusa da shi, fuskarsa fal murna. Ya ce, "This man used to drink."

Hedimasta ya gyara murya ya ce, "Ya ce mutumin nan yakan sha giya."

Na ce ko kunnena ne.

"He used to fight in the market."

"Yakan yi faɗa a kasuwa."

"He used to sleep by the road."

"Yakan kwana a bakin hanya."

Baturen ya dafa kafaɗar Yaya yana dariya ya ce, "Now look at him! Only God can change a man like this."

"Ya ce to ga shi nan, ku dube shi. Allah ne kaɗai zai iya canja irin wannan mutum."

Kai! Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ba haka ya ce ba!" Muryata ta fita har kwanon rufi ya amsa. Duk aka juyo. Fasto ya ɗaga hannu ya ce, "Zauna, 'yata, ana sujada." Na ce, "Fasto, cewa ya yi ya daina!" Wani dattijo ya ce, "Wace ce wannan mara kunya?" Aka ce ƙanwarsa ce. Sai na ji "Oho" ya zagaya bencin maza. Inna ta riƙe mini zane da hannu biyu ta fizgo ni ƙasa, tana cewa in rufa mata asiri, abin kunyar da aka yi ya isa. Baturen kuwa ya ɗauka amin nake cewa. Ya yi mini murmushi, ya gaisa da Fasto, ya rungumi Yaya, ya fita ta ƙofar maza. Ina zaune Inna na danne da ni na ji motarsa ta tashi.

Yaya bai motsa ba sai da Fasto ya ce ya koma ya zauna. Bai zauna ba. Ya cire hular nan da ya yi ta gyarawa, ya riƙe ta a hannu, ya fita a hankali. Telar ta sunkuyar da kai.

Da aka tashi na tare Hedimasta a bakin ƙofa. Na durƙusa yadda ya kamata, na ce, "Malam, a gafarce ni, an samu kuskure. In Bature ya ce used to, abin da ya wuce yake nufi. A da yana sha, yanzu ya bari."

Ya yi mini kallon hadarin kaji ya ce, "Ke, wa ya koya miki A da B?"

"Kai ne, Malam."

"To yau ke ce za ki koya mini? Tun ba a yaye ki ba nake yi wa Turawa tafinta. Used to, yakan. Yakan, used to. Jeki ki tambayi duk wanda ya yi makaranta a ƙasar nan."

Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa, da na tambaya haka za su ce. Akwai wani saurayin malami a gefensa wanda ya yi sakandare, na ga a idonsa ya san abin da nake faɗa. Na ce, "Malam, kai ma ai ka ji." Sai ya hau duba takalminsa kamar ranar ya fara ganinsa. A ƙarƙashin Hedimasta yake aiki. Har yau in na tuna shi sai na yi tsaki, na fi jin haushinsa a kan shi Hedimastan, don shi tsohon bai sani ba ne, wannan kuwa ya sani.

Na bi mahaifin telar har gida. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini ruwa. Na yi bayani, na sake yi, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Ya bari na gama ya ce, "'Yata, ɗan'uwanki ne, dole ki tare masa. Ban ga laifinki ba. Amma da kunnena na ji."

Na ce, "Baba, da kunnenka ka ji Hedimasta."

Ya ce, "To da bakin wa Bature zai yi mini magana?"

Na yi masa sallama na fito.

Na nemi izini a makaranta na hau mota zuwa Funtua. Gidan Baturen a rufe, mai gadi yana shan inuwa, ya ce maigida ya tafi, kaya ma sun riga shi tafiya. Na je wurin taraktoci na sami Yaya a ƙarƙashin wata yana ɗaure ƙarfe. Na tsuguna na faɗa masa komai, kalma bayan kalma. Ya fito yana goge hannu ya ce, "Ƙanwata, na gode. So kike ki sanyaya mini rai. Amma na ga yana dariya." Shi abin da ya fi ci masa rai ke nan. Mutumin da ya buɗe wa cikinsa, ya kai shi gaban surukansa ya tsayar da shi yana dariya. Na yi ta rantsuwa har ya yarda da ni, ko ya nuna ya yarda. Ya ciro rake a aljihu ya ɓare ya ce, "To in ma haka ne, ke kaɗai kika ji."

Duk da haka bai koma wa giya ba. Ina so a san wannan. Ya riƙe kansa duk ranin nan. Telar ta aiko masa cewa ta yarda da maganata, za ta jira, mahaifinta ya ce a ga abin da shekara za ta yi. Amma labari ya riga mu isa ƙauyenmu, ya iso da ƙari: wai Bature da kansa ya tona masa asiri a majami'a. Dattawan ikilisiyarmu suka kira shi suka ce ya furta zunubinsa a gaban jama'a a yafe masa. Ya ce ba zai furta abin da bai yi ba. Suka ce ga sha ga taurin kai. Aka mai da shi bencin baya, aka hana shi cin gurasar Jibin Ubangiji da ake raba wa masu bi. Masu dafa giya suna zaune a gaba da ɗankwalinsu fari, shi yana baya kusa da ƙofa tare da awakin da ke leƙowa.

Abin da ya fi wannan ciwo ƙanana ne. Mutum zai zo gaishe shi ya matso har kusa da bakinsa yana jan hanci. In hayaƙin tarakta ya sa idonsa ya yi ja, sai a kalli juna. In ya yi tuntuɓe a kunyar gona, sai ka ji an ce, "Af, yau an fara da wuri." Raken ma da yake tauna cewa aka yi don ya kashe wari ne. Abokan shansa na da kuwa suka buɗe masa hannu, suna tsokanarsa a hanya: "Haba mutumina, ana cewa kana sha a ɓoye, mu me muka yi maka da ba za ka sha da mu ba?" Su kaɗai ne ba sa shinshina shi.

Da ruwan farko ya sauka, wata ranar kasuwar Danja, ya zauna da su. Wata mata ce ta zo ta gaya wa Inna, tana wani sassauta murya kamar ba daɗi take ji ba. Da maganar ta kai kunnen Hedimasta, an ce cewa ya yi, "Ba ga shi ba?" Mahaifin telar ya ce Allah ya tsare masa 'ya. Ita ta zo har makarantarmu, muka shiga bayan aji muka yi kuka tare, ta ce mini ta yi iyakar yinta. Ba ƙarya ta yi ba. Daga baya ta auri wani malamin asibiti suka koma wajen Matazu, ban taɓa riƙe ta a raina ba.

Aikin tarakta ya tafi, don ba a ba mashayi inji. Ya koma 'yar gonarmu, yau ya yi noma gobe ya bari. Kaftanin nan shuɗi ya yi ta sa shi har ya koɗe ya yage a kafaɗa, ya ƙi yarda a ɗinke. Wata rana da hantsi na zo gida hutu na same shi zaune a gindin rumbu, bai sha ba tukuna. Ya ce, "Ke mai Turanci, zo. Yaya ake cewa yakan sha?"

Na ce, "He drinks."

"Shi ke nan? Gajere haka?"

"Shi ke nan."

"To wancan na Baturen fa?"

"A da yana sha, ya daina."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ashe Bature gaskiya ya faɗa, Hedimasta kuma annabci ya yi." Ni ban yi dariya ba. Na shiga ɗakin Inna na rufe ƙofa.

Ana cikin shekarun nan na tsadar kaya, ana layin sabulu da madara, cikinsa ya fara kumbura, ƙafafunsa suka bi. Muka kai shi asibiti aka ce hanta ce, mu koma gida. Bai yi nisa ba. Muka binne shi kusa da Baba. Wannan karon ba a neme shi an rasa ba.

Mutane sun zo gaisuwa, har da waɗanda suka mai da shi bencin baya, kowa yana cewa mutumin kirki ne in ban da abin nan. Ranar uku sai ga Hedimasta, ya tsufa, yana dogara sanda, kwat ɗin nan dai tana nan. Ya gaisa da maza a waje, ya shigo ya yi wa Inna ta'aziyya da Hausa mai kyau. Sannan ya yafuto ni gefe. Don kada Inna ta ji abin da zai ce, sai ya juya harshe. Ya girgiza kai cikin tausayi, tausayi na gaske, ya ce, "Sorry, my daughter. But you know, he used to drink."

Na dube shi. Ta saman katangar kara ina hango ƙasar kabarin, ko bushewa ba ta yi ba.

Na ce, "Haka ne, Malam. Yau kam ka faɗe shi daidai."

Ya gyaɗa kai, ya ji daɗi, wai na sauko.